TAFKIN IKKO DA DARAJAR RUWA MARAR ZURFI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridar nan tamu mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana malamai da akawuna da masu koyarwa labarin wani ruwa da na gano a Ikko, garin da yanzu aka fi sani da Legas. Labarin benaye da gadojin birnin mutane da yawa sun riga ni bayarwa. Ni abin da zan yi magana a kansa shi ne tafkin da birnin ya ke zaune a bakinsa, da wasannin da a ke yi a kansa, da halittun da ke cikinsa. Magana guda na ɗauko daga can, ita ce wannan: ruwa marar zurfi, wanda mutane su ke rainawa, shi ne ya fi ciyad da kifi da tsuntsu da talaka, kuma shi ne aka fi saurin kashewa. Mu mutanen Arewa da namu rabo cikin zancen, kamar yadda zan nuna a gaba.

Na tashi daga garinmu Rawayya cikin watan Janairu, sa'ad da na sami hutu daga ofis. Na shiga mota a Gusau da sassafe, gama matafiyi mai hankali ba ya yarda dare ya same shi a hanyar Tsafe da Funtuwa. Muka yi ta kudu har muka ƙetare kogin Kwara a Jebba, muka bi ta Ilori, muka isa Badun, watau Ibadan. Daga nan na shiga sabon jirgin ƙasa, wanda aka buɗe a shekarar 2021, ya sauke ni a Ebute Metta cikin Ikko. Na sauka a Idi-Araba, gidan wani ɗan ƙasarmu mai sayad da hatsi, wanda ya daɗe a can har ya iya Yarabanci kamar a bakinsa aka yanka. Shi ne ya zama mini jagora da tafinta.

Bari in fara bayyana yadda tafkin ya ke, domin wanda bai taɓa zuwa gaɓar teku ba zai yi tsammani ko dai teku ne, ko kuwa tafki irin namu. Yana tsakanin biyun. Teku ya daɗe yana tara yashi a bakinsa, har yashin ya zama doguwar ganuwa. Kogunan da ke gangarowa daga tudu, babbansu kogin Ogun, in sun zo sai su tarad da ganuwar, su kwanta a bayanta, su bazu. Wannan kwantaccen ruwa shi Yarabawa ke kira Osa, teku kuwa suna ce masa Okun. Ƙofa guda ya ke da ita zuwa teku, ta nan manyan jiragen ruwa ke shiga Apapa. Ta ƙofar nan ruwan gishiri ke shigowa sau biyu cikin kwana da wuni, sa'ad da teku ya cika, kāna ya janye. Da damina koguna su kan rinjayi teku, ruwan tafkin ya kusa zama na daɗi. Da rani kuwa teku ke rinjaya, ruwan ya yi zartsi. Tafkin kuma ba shi kaɗai ba ne, yana haɗe da 'yan'uwansa ta ƙananan rafuka, yamma har Badagry da Porto-Novo ta ƙasar Benin, gabas har Epe da gaba da ita.

Daga ruwan nan birnin ya sami suna. Turawan Fotugal, waɗanda suka fara zuwa gaɓar nan wajen shekarar 1472, su suka sa sunan Lagos, ma'anarsa tafkuna a bakinsu. Masu gari suna cewa Eko, daga nan muka sami Ikko. Turawan Ingila suka karɓi mulkin tsibirin a 1861 daga hannun Sarki Dosunmu, kuma a 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa. Ashe kakanninmu sun daɗe da sanin bakin ruwan nan. Birnin ya zama babban birnin Nijeriya har zuwa watan Disamba 1991, sa'ad da aka koma Abuja.

Farkon ganina da tafkin sosai daga kan Gada ta Uku ne, wadda aka gama a 1990. Tsawonta kilomita 11.8, watau mil 7 da ɗoriya, kuma kusan dukanta a bisa ruwa ta ke. In ka dubi gabas daga kanta ba ka ganin gaɓa, sai ruwa da hazo. Wanda ya ga wannan faɗi zai rantse zurfinsa ya isa ya haɗiye bene. Amma da muka shiga kwalekwale mai inji muka yi nisa da gaɓa, sai mai jirgi ya kashe inji, ya ɗauki gorar tuƙi ya caka, ta taɓa ƙasa, ga fiye da rabinta a waje. A wurare da yawa zurfin bai wuce ƙafa 6 ba, wani wurin ma masunta ke tsaye a ciki, ruwa iyakar ƙirjinsu. Wuraren da su ke da zurfi na gaske su ne hanyoyin da aka haƙa domin jirage, da ramukan masu ɗibar yashi.

Kafin mu shiga jirgin, sai da aka ba kowa rigar ruwa, wadda ba ta barin mutum ya nutse, aka kuma duba ɗaurinta. Wannan doka ce ta hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 2008. Na ga wani attajiri da babbar riga ya so ya ƙi sawa, ma'aikaci ya ce masa cikin ladabi, ko ya sa ko ya sauka. Ya sa. Raina ya koma gida, ga manoman nan da kwalekwale ya kife da su a ƙasar Gummi cikin watan Satumba 2024, suna hanyar zuwa gonakinsu, mutane da yawa suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Rashin zurfi ba ya hana ruwa cin mutum, balle gulbi da ya kawo da damina.

Yanzu ga zancen wasanni. A rafin da ya raba Ikoyi da tsibirin Biktoriya, da wajen Lekki, nan masu shaƙatawa su ke taruwa ran Asabar da Lahadi. Na ga wasa iri huɗu. Na fari, ƙaramin kwalekwale ne na roba, siriri, mai cin mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu. Na biyu, babur ɗin ruwa, mai inji, wanda a ke hawa kamar babur na tudu, yana tsaga ruwa yana ƙara kamar zai fasa kunne. Na uku, mutum ya tsaya bisa allo, ya riƙe igiya, jirgi mai gudu ya ja shi, in gwani ne ya yi ta karkata yana tsalle, in koyo ya ke yi ya sha ruwa jama'a su yi dariya. Na huɗu, jirgin da iska ke turawa, mai dogon itace a tsaye da farin ƙyalle. Wannan na ƙarshe tsohon wasa ne a can, gama kulob ɗin masu yinsa tun 1932 Turawa suka kafa shi. Har wa yau, a watan Oktoba 2025 an yi tseren jiragen gudu masu aiki da lantarki a ruwan Ikko, wanda a ke kira E1, aka zo daga ƙasashe da dama.

Ni dai na roba na shiga, tare da wani saurayi mai koyarwa a bayana. Dalilin da ya sa tafkin ya dace da mai koyo a fili ya ke. Ganuwar yashi ta tare haukan teku, saboda haka babu manyan igiyoyin ruwa, sai ɗan motsi kamar na shimfiɗa. Saurayin ya ce mini in zauna a miƙe, in tura filafili da kafaɗa, kada in yi da wuyan hannu, in kuma jirgi mai inji ya wuce in juya hancin nawa ya fuskanci igiyar da ya bari, kada ta buge ni a gefe. Cikin rabin sa'a hannuna ya faɗa. Abin da na lura da shi kuwa, mai filafili yana iya matsawa kusa da tsuntsu har ya ga ƙwayar idonsa, amma babur ɗin ruwa guda in ya wuce, sai duk tsuntsayen gaɓa su tashi, igiyarsa kuma ta girgiza komin masunci har ya riƙe gefe. Wasa halal ne ga mai hali, amma ya kamata a keɓe wa mai gudu wurinsa, nesa da mai neman abinci.

Kada wani ya ce wasan ruwa na Turawa ne da mutanen Kudu. Wanda ya taɓa zuwa Argungu ya san Kabanci: tseren kwalekwale, da ninƙaya, da nutso a ga wanda ya fi daɗewa, da kamun agwagwar ruwa, da su da hannu. Bikin nan ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da a ke tattalinsu. Matan Fada, inda a ke yin sun, shi ma ba wani zurfi ne da shi ba. Asirinsa shi ne a kan hana su a wurin har lokaci ya yi, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaro, shi ya sa in an faɗa a ke fid da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru su ɗauka. Kabawa sun san darajar barin ruwa ya huta tun kafin a rubuta ta a littafi.

To, me ya sa ruwa marar zurfi ya fi albarka? Tun muna makarantar Mishan aka koya mana cewa tsiro ba ya rayuwa sai da hasken rana, amma sai a tafkin nan na ga abin da ido. Inda ruwa ba zurfi, haske da ɗumi suna kaiwa ƙasa, koguna kuma suna kawo taki daga tudu, sai ciyayi da gansakuka da ƙananan ƙwari su yawaita. A gaɓa akwai wasu itatuwa masu jure gishiri, suna tsaye bisa saiwoyinsu kamar mai tafiya kan ƙwarƙwaro, saiwoyin sun sarƙe cikin taɓo. Nan ne ɗakin renon kifi. Jatan lande da kifayen teku iri iri su kan shigo suna ƙanana, su ɓuya cikin saiwoyin inda babban kifi ba ya iya bin su, su ci su girma, sa'an nan su koma teku. Ƙaguwa tana haƙa ramukanta a taɓon, karfasa da tarwaɗa suna kiwo a gefe. Watau kifin da manyan jirage ke kamowa a teku mai zurfi, da yawansa a wannan ɗan ruwan da a ke rainawa ya yi ƙuruciya. In an kashe ɗakin reno, daga ina manya za su fito?

Inda kifi ya ke, nan tsuntsu ya ke. Wata rana muka yi sammako zuwa wajen Epe, garin da ya shahara da kasuwar kifi, muka ɗauki wani tsoho masunci da kominsa. Sa'ad da ruwa ya janye taɓo ya bayyana, sai ga tsuntsaye sun sauka kamar an watsa tsaba. Na gane balbela da zalɓe, ga shirwa tana shawagi kamar ta gida. Na ga wani ɗan tsuntsu mai fari da baƙi, ya kan tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, kāna ya faɗo kamar dutse ya fito da kifi. Akwai kuma wasu ƙanana masu launin ƙasa da dogon baki, suna gudu a bakin ruwa suna tsattsaga taɓo. Waɗannan baƙi ne. A arewacin Turai su ke yin ƙwai, in sanyi ya kama can sai su taso, waɗansu su biyo gaɓar teku, waɗansu su ƙetare Hamada, su yi watanni a ƙasashenmu, kafin damina su koma. Tsuntsun da bai cika tafin hannu ba, ga shi yana tafiyar da fatake ba su taɓa yi ba! Zangonsa kuwa duk ruwa ne marar zurfi, domin ƙafarsa gajeriya ce, ba ya iya kiwo inda bakinsa bai kai ƙasa ba. In an cike zango guda, ayarin ya rasa masauki.

Na tambayi tsohon, ta bakin mai masaukina, na ce, “Baba, ko akwai ayu a ruwan nan?” Ya yi murmushi, ya ce akwai, amma ya yi wuyar gani ƙwarai, ba kamar zamanin ƙuruciyarsa ba. Ya nuna mini ciyawar gaɓa irin wadda ya ke ci. Mu Hausawa mun san sunan ayu, mun kuma san abin da masu magani ke faɗa a kan mansa da sassan jikinsa, amma kaɗan ne suka san halinsa. Ba kifi ba ne. Dabba ce mai shaƙar iska, mai shayad da ɗanta nono, galibin abincinta ciyawa ne, ba ta kuwa cutad da kowa. Uwar ta kan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa guda, sa'an nan ta daɗe ba ta sake ba. Dabbar da haihuwarta ke da wuya haka, in ana kashe ta, ba ta mayad da gurbi. Dokar Nijeriya ta 1985 a kan dabbobin da ke neman ƙarewa ta hana farautarta da cinikinta. Duk wanda ya sayi man ayu a kasuwar Arewa, to, da hannunsa cikin ƙarewarsa a Binuwai da Kwara da Ikko.

Wanda ya ke son ganin yadda gaɓar nan ta ke kafin gine-gine, ya tafi gandun dajin Lekki, wanda Gidauniyar Kare Halittu ta Nijeriya ta kafa a 1990. Faɗinsa hekta 78 ne, tsakanin tafki da teku. An shimfiɗa hanyar katako bisa fadama, mutum ya yi ta tafiya cikin inuwa ƙafarsa ba ta taɓa laka ba. Birai sun saba da mutane har su kan fizge abinci daga hannun wanda ya yi sakaci. Akwai kada da tsari da ɗawisu da kunkuru. Akwai kuma gadar igiya da aka rataya a bisa kan itatuwa, tsawonta mita 401, tana lilo in an taka. Daga ƙololuwarta na duba, sai na ga dajin ya zama kamar tsibiri, gidaje sun kewaye shi ta kowane gefe. Da ba a killace shi tun da wuri ba, da yanzu ko itace guda babu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Ƙasa ta yi tsada a Ikko, mutane sun yi yawa, saboda haka aka juya ga ruwa. Da ya ke ba shi da zurfi, cike shi ba wuya. Ana zuƙo yashi daga ƙasan tafki da manyan injuna, a zuba a gaɓa, ruwa ya zama fili, fili ya zama unguwar masu kuɗi. Haka aka yi tsibirin Banana da wasu sassan Lekki. Ban da injuna, na ga talakawa suna nutso da bokiti, suna cika kwalekwale da yashi har ya kusa nutsewa, su kai wa magina. Ɓarnar kashi uku ce. Inda aka cike, an binne ɗakin renon kifi. Inda aka haƙa, ruwa ya gurɓace, haske ba ya kaiwa ƙasa. Na uku kuwa, ruwan sama da ya saba kwanciya a fadama ya rasa wurin zuwa, sai ya shiga gidaje da tituna, kamar yadda aka gani a ambaliyar watan Yuli 2011 da ta Yuli 2017. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Masunta su suka fi jin jiki. A Makoko, kusa da Gada ta Uku, na ga gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, yawancin masu su Egun ne, waɗanda sana'arsu su tun kaka da kakanni. Yaro ɗan shekara shida yana tuƙa komi kamar yadda namu ke kora jaki, mata suna ƙyafe kifi, mai koko tana bi gida gida a kwalekwale. Ba zan ɓoye ba, wurin yana da ƙazanta, ruwan ya yi baƙi, yana bukatar gyara ƙwarai. A watan Yuli 2012 aka rushe wani sashe nasa. A 2016 da 2017 kuma aka tashi mutanen Otodo Gbame, wani ƙauyen masunta a wajen Lekki, dubbai suka rasa matsuguni. Hukuma tana da hujjojinta na lafiya da tsaro, ba na musun haka. Amma masunci in an raba shi da ruwa, kamar manomi ne aka raba da gona. Ya kamata a tanadi inda zai koma da abin da zai ci tun kafin a taɓa rufin ɗakinsa.

Bayan yashi akwai shara. Ledoji da robobin ruwan sha suna yawo a bakin magudanai kamar garken tumaki, suna naɗe farfelar jirgi, suna cika tarun masunta. Akwai kuma wata irin kainuwa baƙuwa mai shuɗin fure, asalinta daga Amurka ta Kudu, wadda ta shigo ruwan Ikko ta wajen Badagry a 1984. Mu kan ce kainuwa dashen Allah, amma wannan mutum ne ya yi sanadin yaɗuwarta, ƙazantar gari kuwa ita ce takinta. Ƙarshen damina ta kan rufe hanyar jirage ruf, sai rani ya yi, gishiri ya ƙaru, kāna ta mutu. Ni ragowarta na tarar tana ruɓewa a gaɓa.

Jama'a, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu da teku a Zamfara, amma muna da tafkuna da fadamu da kududdufai, kuma irin rainin da a ke yi wa tafkin Ikko shi mu ke yi musu. A birnin Kano kududdufai da yawa da ke shanye ruwan sama an cike su an yi gini, ga shi unguwanni suna kuka da ambaliya. Tafkin Chadi, wanda shi ma faɗi gare shi ba zurfi ba, a 1963 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, amma cikin shekarun 1980 ya ragu ƙwarai saboda fari da ɗibar ruwa, masunta da makiyaya suka watse. Fadamun Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka, waɗanda aka sa wani sashensu a shekarar 2000 cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, sun sha wahala da ciyawar kacalla bayan an tare koguna da madatsai. Nan gida kuma, gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, ya rage ambaliyar da ke jiƙa fadamun da ke ƙasa da ita. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, ta kuma ɓata ƙasa da tafkunan ƙauyuka. A garuruwanmu, wa bai ga tafkin da ya yi wanka a ciki yana yaro ya zama juji ba? Ina dinya da kirinjijiya da gauraka da mu ke gani da kaka?

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Na fari ga sarakuna da hakimai da ma'aikatan filaye: kada a yanka fuloti a cikin tafki ko fadama ko hanyar ruwa, kome kuɗin mai saye, gama kuɗin na mutum guda ne, ambaliya kuwa ta gari ce duka. Na biyu ga Sarakunan Ruwa da Sarkawa: a riƙe al'adar hutad da ruwa, a hana su da guba da taru mai ƙananan ido wanda ba ya barin 'ya'yan kifi, a kuma nemi hukuma ta taimaka da rigunan ruwa a kowace mafita, kada a bar jirgi ya ɗauki fiye da ƙarfinsa. Na uku ga 'yan'uwana masu koyarwa: ku fita da yara bakin tafkin garinku ko sau ɗaya a shekara, su ƙirga tsuntsaye, su rubuta sunayensu da Hausa daga bakin tsofaffi, a ajiye littafin a makaranta. Bayan shekara goma littafin nan zai gaya wa gari ko tafkinsa yana raye ko yana mutuwa. Ran 2 ga Fabrairu ita ce ranar dausayi ta duniya, ta kuwa faɗo daidai lokacin da baƙin tsuntsaye su ke ƙasarmu. Na huɗu ga samari: ku koyi iyo a hannun gwanaye, ku raya tseren kwalekwale a madatsun Gusau da Bakolori bisa tsari da izinin hukuma. Mutanen da ke wasa a ruwa ba su yarda a mayad da shi juji.

Wanda kuma Allah ya nufa da zuwa Ikko, ko fatauci ko aiki, kada ya ƙare kwanakinsa tsakanin Agege da kasuwa kaɗai. Ya ware wuni guda, ya fita da sassafe lokacin rani, ya sa rigar ruwa, ya ɗauki masunci ya biya shi hakkinsa, ya ga abin da na gani. Gani ya kori ji. Ina kuma fata malaman da ke zaune kusa da tafkin Natu na Bakura, da Kalmalo na Illela, da Nguru, su rubuto wa Edita halin da ruwansu ke ciki, domin mu ƙaru da juna.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da sharrin ruwa, ya ba mu ikon riƙon amanarsa, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Rawayya, ƙasar Bunguɗu.